Kayan da muke ɗauka zuwa bakin rafi in za mu auna lafiyar ruwa da ɗalibai, da yadda ake aiki da kowanne

Akwai wani rafi a bayan makarantar da nake koyarwa, in rani ya yi nisa ka tsaya a kan gada kana hango yashin ƙasansa tas kamar ruwan randa, ranar da na fara kai yaran ajina wajen sai wani ya ce, "Malam ai wannan ko awo ba sai an yi ba, kalle shi fa garau." Na ce masa to ɗebo min a wannan 'yar kwalbar. Bayan kwana biyu na shigo aji da ita ta koma baƙi ƙirin, da na buɗe murfin 'yan layin gaba sai da suka toshe hanci, warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce min ido ya isa.

To ga malamin da yake son fita da yara, ko ɗalibin da aka ba wa furojet a kan ruwa, bari in zayyano kayan da muke ɗauka da yadda ake aiki da su. Amma tun da wuri in faɗa, kayan nan yawancinsu ba wasu masu tsada ba ne, wasu ma da hannu za ka haɗa. Inda aikin yake shine kula da su, da komawa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kana maimaita awon kana rubutawa. Awo ɗaya da mita mai tsada bai kai awo goma da takardar gwaji ba.

Kafin a taɓa ruwa

Ka je kai kaɗai tukuna ka zaga wajen. Ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, sannan ka leƙa wajen mai unguwa ka gaishe shi ka faɗa masa abin da zai kawo ku, domin in masu lambu da masu wankin mota suka ga mutane da kwalabe da safar hannu suna rubuce rubuce tunaninsu na farko hukuma ce ta turo a tashe su. In mai unguwa ya sani shikenan, su da kansu za su nuna maka inda kwatar unguwa take shigowa da watan da ruwan yake canza kala, kuma wallahi sun fi ka sanin rafin.

Ka zaɓi wuri uku. Ɗaya a sama kafin ruwan ya shigo cikin mutane, ɗaya daidai ƙasan inda kake zargi, kamar bakin lambatu ko mahauta ko wajen wanki, ɗaya kuma can gangare da nisa don a ga ko ruwan ya farfaɗo. Kowanne ka ba shi suna, ka ɗauki lambobin GPS ɗinsa da waya, ka ɗauki hoto daga wuri guda da za ka riƙa tsayawa kullum.

Kayan kariya: rambut, safar hannu ta roba, sabulu da jarkar ruwa mai tsafta na wanke hannu, da ɗan akwatin taimakon gaggawa saboda fasassun kwalabe. Maganar rambut ɗin nan ba ado ba ce. Tsargiya, wato cutar fitsarin jini, ta fata take shiga, tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananun katantanwar ruwa ta huda fatar wanda ya tsaya a ciki, kuma rafukanmu da madatsun ruwa da wuraren noman rani suna da ita. Wanda ba shi da rambut aikinsa rubutu da riƙe agogo a bakin gaɓa. Ruwan da ya wuce gwiwa ba ma shiga. Da damina kuma in hadari ya haɗu ko da can nesa ne a sama, ku fito, rafi yana iya cikowa alhali inda kuke ko ɗigo bai sauka ba.

Littafi da fensir, ba biro ba, tawada tana jiƙewa ta bazu. Abin da za a fara rubutawa tun kafin a buɗe jaka: kwanan wata, ƙarfe nawa, yaushe rabon da a yi ruwan sama, kalar ruwan, warinsa, akwai kumfa ko maiƙo a sama, akwai gansakuka ko kainuwa, shanu sun sha a wajen, ana wanki. Wannan shafin yara sun raina shi, alhali shi ne yake fassara lambobin daga baya.

Sai ƙa'ida ɗaya da ake yawan karyawa. Ku fara da wurin da yake gangare ku hauro sama, kuma a kowane wuri a gama ɗibar ruwan awo kafin kowa ya shiga yana tattaka laka. Mai ɗibar ruwa ya fuskanci inda ruwan yake tahowa, ya ɗauraye gorar sau uku da ruwan rafin yana zubarwa bayansa, sannan ya nutsa ta ƙasa da saman ruwa kamar tsawon tafin hannu zuwa rabin kamu, kar ya kwaso na sama mai datti kar kuma ya taɓo ƙasa.

Ma'aunin zafi

Da shi ake farawa don zafin ruwa yana canzawa da zarar ka ɗebo shi. Ku nemi mai jan ruwa a ciki, kar ku ɗauki mai ruwan azurfar nan, in ya fashe a rafi guba kuka zuba. A fara auna iska a inuwa tun yana bushe, sannan a tsoma shi kamar santimita 10 a cikin ruwa, a jira minti biyu zuwa uku, a karanta yana ciki. Yara suna son zaro shi su ɗaga sama su karanta, da hunturu kafin su gama leƙe iska ta sauke shi. Mu mun ɗaura wa namu igiya bayan na farko ya bi ruwa.

pH, tsami ko kanwa

Awon yana daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne kamar lemun tsami da tsamiya, sama da 7 ɓangaren kanwa da ruwan toka da sabulu. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya ce daga 6.5 zuwa 8.5, kuma yawancin kifi da ƙwarin ruwa ma a wajajen nan suke jin daɗi. Abin da za ka nanata wa yara shine kowane mataki ɗaya ninki goma ne, ruwa mai 5 ya fi mai 6 tsami sau goma, ya fi mai 7 sau ɗari.

Kafin mu fita ina yi musu gwajin zoɓo a aji. Ka jiƙa zoɓo ba suga, ka raba kofi uku, ɗaya ka matsa lemun tsami ya ƙara ja, ɗaya ka bar shi, ɗaya ka sa kanwa ya dushe ya koma wani duhu mai kore kore. 'Yan matan ajin duk sun san wannan daga kicin, kawai ba su san shi ne abin da takardar gwaji take yi ba.

Kayan awon iri biyu ne. Akwai takarda, ka tsoma, ka jira daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalin, ka kwatanta da jadawalin kaloli, a inuwa mai haske ba a tsakiyar rana ba, kuma mutum uku su duba kowa ya faɗi nasa don ido yana saɓawa. Ka rufe robarta da sauri, in danshi ya shiga duka sun lalace. Sai kuma mita mai kamar biro, yawanci ruwan ɗorawa, wadda masu kiwon kifi suke saye. Ita tana ba da lamba har da ɗigo amma tana da shagwaɓa. Tana zuwa da ƙananun ledoji na gari, an rubuta 4.01 da 6.86 da 9.18, kowanne ana narka shi a ruwan distil mililita 250, da su ake saita ta, kuma duk ranar fita sai an saita da safe. Ruwan distil, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ana samu wajen masu kayan lab ko masu batirin mota, amma ka tabbatar ruwan ƙari aka ba ka ba asid ba.

Ga kuskuren da na yi. Na wanke tawa na goge na jefa a durowa, aka tafi hutu, hunturu ya busar da ɗan ƙwallon gilashin da yake bakinta. Da muka dawo muka fita, rafi 3, ruwan famfo 3, ruwan kanwa ma 3 da wani abu, yaro har ya rubuta a rahoto cewa rafinmu asid ne. Bakin mitar nan ba a barinsa ya bushe, ana ɗiga ruwan ajiyarta ko ɗan ruwan saitin 4 a cikin murfi kafin a rufe, kuma ba a ajiye ta cikin ruwan distil. Tun lokacin nake tafiya da takarda tare da mita, in suka yi hannun riga na san akwai matsala.

Mitar TDS da EC

Ita ma kamar biro take, masu fiya wata da masu haƙa rijiyar burtsatse sun santa. Tana da ƙarafa biyu a baki, tana auna yadda wutar lantarki take ratsa ruwan, domin in gishiri da ma'adinai sun narke da yawa wuta ta fi wucewa. Wannan shine EC. Lambar TDS kuma, wato jimillar abin da ya narke a ruwan, lissafi mitar take yi, ta ninka EC da kusan rabi ta nuna maka. Ma'aunin Najeriya na ruwan sha ya tsaya a 500 na TDS, EC kuma 1000. Ruwan saitinta da aka fi samu an rubuta 1413 a jiki.

Aikinta sauƙi, ka ɗauraye bakin, ka tsoma zuwa layin da aka yi alama, ka ɗan girgiza don kumfar iska ta fita, ka jira lamba ta tsaya. Ita ce mitar da ta fi saurin tona asirin kwata, in ka auna a sama ka sauko ƙasan lambatu za ka ga lamba ta yi tsalle. Da rani kuma tana hawa don ruwa ya ƙafe gishirin ya taru, da damina ta sauka.

Sai dai kar a ɗora mata abin da ba ta iya ba. Ba ta ganin ƙwayar cuta, ba ta ganin fetur ko maganin feshi. Ruwan sama da ya wanko bayan gida zai iya nuna lamba ƙarama ƙwarai, ruwan rijiya mai zartsi wanda ba cuta a cikinsa ya nuna babba. Masu tallar injin tace ruwa suna yawan wasa da hankalin mutane da ita.

Bututun duba dagulewa

A tafki ko dam ana amfani da faifai mai faɗin santimita 20 da aka raba gida huɗu baƙi da fari, a ɗaura igiya a zura har ya ɓace. Sunansa faifan Secchi, daga wani malamin coci ɗan Italiya mai ilimin taurari da ya fara amfani da irinsa a teku a 1865. A rafi mara zurfi ba ya aiki, zai taɓa ƙasa kana ganinsa, shi ya sa ake amfani da bututu.

Da hannu muka haɗa namu. Bututun roba garau wanda ake gani ta cikinsa, tsawon santimita 120 in an samu, 60 ma ta yi, a toshe ƙasan da murfi, a manna ƙaramin faifai baƙi da fari a ciki yana kallon sama, a manna tef ɗin tela a jiki sifili yana daidai faifan. Ka girgiza ruwan bokitin don kar laka ta kwanta, ka juya wa rana baya, mutum ɗaya yana zubawa a hankali ɗaya yana leƙawa ta sama, da zarar baƙi da fari sun haɗe ba a bambance su sai ya ce tsaya, a karanta tsawon ruwan. A yi sau uku da ido daban daban a ɗauki matsakaici.

Nan yara suke rikicewa, lamba babba tana nufin ruwa garau, ƙarama tana nufin ya dagule. In kana son juyawa zuwa NTU, ma'aunin dagulewar ruwa da ake rubutawa a littattafai, santimita 11 zuwa 12 kusan 100 ne, wajen 54 kusan 10, wajen 85 kusan 5, kuma 5 ɗin nan ita ce iyakar ruwan sha. Bayan ruwan farko na damina namu ko santimita 10 ba ya kaiwa, ja wur kamar kunun kanwa. Laka tana toshe wa kifi hanyar numfashi, tana binne ƙwai da ƙwarin da suke ƙarƙashin duwatsu, tana kuma ba ƙwayoyin cuta mafaka ta hana sinadarin kulorin aiki sosai.

Iskar oksijin da ke cikin ruwa

In da za a ce in ɗauki awo ɗaya tak don sanin ko rafi yana raye, wannan zan ɗauka, shi ne kuma mafi wuyar yi daidai. Kifi da ƙwari da iskar da ta narke a ruwa suke numfashi, kuma 'yar kaɗan ce. Ruwa mai zafin digiri 20 in ya ƙoshi da iska miligiram 9 da ɗan ɗoriya yake ɗauka a lita, a 25 kusan 8.3, a 30 kusan 7.6, a tudu kuma ya ɗan ragu. Ka ga dalilin da ya sa aka fara da ma'aunin zafi. In kashi ko jinin mahauta ko ruwan kwata ya shiga, ƙwayoyin da suke ruɓar da shi su ne suke shanye iskar. Ƙasa da 5 kifi ya fara wahala, ƙasa da 2 yawanci sai mutuwa. Wani yaro ya ce min, "Malam ai ana kama tarwaɗa a wajen." Na ce masa tarwaɗa ba shaida ba ce, tana da wata halitta a kai da take shaƙar iskar sama da ita, tana rayuwa a taɓon da sauran kifi ba za su kwana ba.

Akwai mitarsa amma tana da tsada kuma fatar bakinta tana lalacewa. Abin da makaranta za ta iya shine akwatin sinadarai, wanda yake bin hanyar da wani ɗan Hangari mai suna Winkler ya fito da ita a 1888. Kowane kamfani da yawan ɗigonsa, ka bi takardar da ke ciki, amma tsarin ɗaya ne.

Ka nutsa 'yar kwalbar gilashin a kwance cikin ruwa a hankali ta cika ba tare da ɓulɓul ba, ka ƙwanƙwasa jikinta kumfa ta fita, ka rufe murfin tana cikin ruwa. Ka ɗago ka kifa ta, in ka ga kumfa ko ɗaya zubar ka sake, domin iskar da ke cikin kumfar za ta shiga lissafi. Nan take a bakin rafin, ba sai an koma makaranta ba, a ɗiga sinadari na farko da na biyu, a rufe, a jujjuya. Wani gari gari zai fito kamar dusa. In ya yi ruwan ƙasa akwai iska, in ya tsaya fari fat to babu ko kaɗan ce, kuma tun daga nan yara suke fara ihu don ido yana gani. A bar shi ya kwanta zuwa rabin kwalba, sannan a sa na uku wanda asid ne, wannan ni nake ɗigawa da kaina da safar hannu da tabarau. Garin zai narke ruwan ya koma kalar shayi, daga nan iskar ta kamu, ko an ɗan jima ba komai.

Sai a auni adadin da aka ce a zuba a ƙaramin kofi, a riƙa ɗiga sinadarin ƙarshe da sirinji ɗigo ɗigo ana kaɗawa har ya koma ruwan ɗorawa mai haske, a sa ruwan sitaci ya koma shuɗi, a ci gaba da ɗigawa a hankali har shuɗin ya ɓace gaba ɗaya. Inda sirinjin ya tsaya shine lambarka. Ka sa farar takarda a ƙarƙashin kofin, kuma ka zaɓi yaro mai haƙuri, masu gaggawa kullum sai sun zarce. Duk ruwan da aka sa wa sinadari a jarkar shara ake juye shi a koma da shi, ba a rafi ba.

Lokaci yana da tasiri sosai a nan. Inda gansakuka ta yi yawa, da rana tana fitar da iska lamba ta hau, da dare ta shanye, mafi ƙaranci da asuba. Shi ya sa masu kiwon kifi da sassafe suke tarar da kifi ya taso sama yana haki. In yau ka auna ƙarfe 8 na safe wata mai zuwa ƙarfe 2 na rana, ba abu ɗaya ka auna ba.

Naitiret da fosfet

Waɗannan takarda ko ɗigo ne, irin na masu kiwon kifi ya wadatar. Naitiret daga takin zamani da kashin dabbobi da masai yake zuwa, iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa don yana hana jininsu ɗaukar iska. Fosfet daga taki da wasu sabulun wanki. Su biyun su ne abincin gansakuka. Ka duba ranar lalacewa a jikin kwalin kafin ka biya, ka kuma ajiye su a inuwa, zafin but ɗin mota yana kashe su.

Lemo da tef

Don sanin yawan ruwan da yake wucewa. Ka sami wuri miƙaƙƙe, ka auna mita 10, ka saki lemon zaƙi a tsakiya ɗan sama da layin farko, a danna agogon waya in ya tsallaka layi a tsayar in ya kai na biyu, sau uku. Lemo ya fi gora don yawancinsa yana nutsewa iska ba ta tura shi. A ce ya ɗauki daƙiƙa 25, gudunsa mita 0.4 a daƙiƙa kenan, ka ninka da 0.8 in ƙasan duwatsu ne ko 0.9 in yashi ne ko laka, saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. Da 0.8 ka sami 0.32. In faɗin rafin mita 3 ne matsakaicin zurfi kuma mita 0.2, ka ninka su ka sami 0.6, ka ninka da 0.32 ya ba ka kubik mita 0.192, wato lita 192 duk daƙiƙa, kusan jarkar 'yan garuwa takwas. Ka tafi da lemo fiye da ɗaya, ba a taɓa dawowa da shi ba.

Raga da farin faranti

Wannan ne ɓangaren da yara suka fi so, ni ma haka. Mita tana faɗa maka halin ruwa a wannan mintin ne kawai, in wani ya saki ruwan guba da daddare ya wuce kafin safiya ba za ta gani ba. Ƙwarin da suke zaune ƙarƙashin duwatsu kuwa wata da watanni suke a wajen, ba inda za su gudu.

Ragar za ka iya ɗinkawa a jikin ƙarfe mai kamar baka da sanda doguwa, idonta ya zama kamar milimita ɗaya ko ƙasa, ragar taga ko yadin tatar koko mai ɗan faɗin ido. Dan Allah kar ka yanka gidan sauron da ake rabawa, akwai maganin ƙwari a jikinsa, zai kashe abin da ka zo dubawa har da ƙananun kifi. Mai raga ya kafa ta a ƙasa bakinta yana kallon inda ruwa yake tahowa, wani ya tsaya gabanta yana tattaka duwatsu da yashi da rambut, ana goge duwatsun da hannu, a kuma shara ragar cikin ciyawar gefe, duka minti biyar. A juye a farin faranti mai ɗan ruwa, a jira ya lafa, abin da kuke zaton datti ne zai fara motsi. Cokalin roba, farantin ƙanƙarar firij don warewa, da gilashin ƙara girma.

Abin dubawa: masu ƙafa shida da wutsiya uku sirara da 'yan fukafukai a gefen ciki, da masu wutsiya biyu, da wasu tsutsotsi da suke gina wa kansu gida da yashi ko karare suna yawo da shi, waɗannan ba sa jure ƙazanta, in ka gan su da yawa ruwan yana da iska. 'Ya'yan mazari da ƙaguwa tsaka tsaki ne. In kuwa duk farantin jajayen tsutsotsi ne sirara kamar zare da matsattsaku da tsutsar sauro da katantanwa, to ruwan ya sha wuya. Jajayen nan jan jikinsu irin sinadarin jininmu ne, shi yake ba su damar zama inda iska ta yi ƙaranci. Akwai wani tsari da aka yi a Afirka ta Kudu don 'yan makaranta mai suna miniSASS, ya kasa ƙwarin gida 13 kowanne da makinsa, ka tara makin waɗanda ka samu ka raba da yawan gidajen, jadawalinsa mai hotuna kyauta ne a intanet, ka buga ka sa a leda. An gama a mayar da su ruwa, katantanwa kuma da cokali ake ɗauka.

Kwalbar da take baƙi

Ita ce ta farkon labarin nan. 'Yar kwalba ce da aka kashe ƙwayoyin cikinta aka sa takarda mai abincin ƙwayoyin cuta da sinadarin ƙarfe, ana kiranta gwajin H2S. Ka buɗe ba tare da taɓa bakin ko cikin murfin ba, ka cika zuwa layi, ka rufe, ka ajiye a ɗaki mai ɗumi ba cikin rana ba awa 24 zuwa 48. In ta yi baƙi, akwai alama mai ƙarfi cewa bayan gida ya shiga ruwan. Da hunturu tana jinkiri, ka sa ta inda yake da ɗumi. Kullum ka haɗa da kwalba ɗaya ta tafasasshen ruwa, in ita ma ta yi baƙi to hannunku ne ya ɓata aikin. In an gama a zuba bilic a ciki a bar shi ya jima kafin a juye a masai, kuma kar ka yi irin tawa ka buɗe a aji.

Gwajin nan ishara ce kawai, ba ya ƙirga. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kar a sami ƙwayar E. coli, wadda take fitowa daga bayan gida, ko ɗaya a mililita 100, wannan kuma aikin lab ne. Haka ƙarafa masu guba. Duk wanda ya san Kano ya san abin da ake faɗa kan ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai, da yadda Jakara take kwasar ruwan gari ta kai dam ɗin Wasai ana ban ruwan lambu da shi a hanya. Sinadarin kuromiyam na jima da dalma, babu ɗaya cikin kayan jakarmu da yake ganinsu. In kuna zargin irin wannan, ku nemi sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa tun kafin ku ɗebo, su za su faɗa muku irin gorar da za a sa da yadda za a adana, a kai musu a kula da ƙanƙara a ranar. Saboda haka na hana yarana rubuta "ruwan nan ana iya sha" a rahoto, ko da duk lambobinsu sun yi kyau. Abin da za su iya rubutawa shine wuri na biyu ya fi na ɗaya kaza, ko watan nan ya fi wancan kaza.

In an dawo

A wanke komai da ruwa mai tsafta a ranar, raga da rambut a shanya su bushe sosai kafin a kai su wani rafin, a cire batirin mitoci in za a daɗe ba a fita ba, a ɗiga wa mitar pH ruwanta. Lambobi a kwafe su daga littafin fita zuwa babban littafi ko kwamfuta kafin a tashi, a kuma ɗauki hoton shafin da waya. Lambar da ta fita daban kar a goge ta, a rubuta a gefe wa ya auna da me ya faru.

Mu sau ɗaya muke fita a wata, Asabar ta farko, ƙarfe 8 zuwa 10, wuri ukun nan dai. Mun manna babbar takarda a bangon aji, kowane wuri da kalar makarsa, duk wata a ƙara ɗigo a ja layi. Wata uku na farko ba abin da za ka gane, sai an zagayo rani da damina layukan suke fara magana, ka ga TDS yana hawa daga Janairu har zuwa faɗuwar ruwa, ka ga lambar bututu ta faɗi ƙasa a ruwan farko. Ranar 22 ga Maris, ranar ruwa ta duniya, muke cire takardar mu kai wa mai unguwa da masu lambu, yaran su yi bayani da bakinsu, sannan mu manna sabuwa a gefen tsohuwar don 'yan ajin da ke tafe su ɗora daga inda aka tsaya.